Kakar Kifi a Alaska

Yayana ya daɗe da zama a Anchorage, birni mafi girma a jihar Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka. Duk sa'ad da maganar ziyara ta taso a waya, amsarsa ɗaya ce: "In za ki zo, ki zo a Yuli. Lokacin ne kifin salmon ke shigowa." Da Allah ya nufa, a Yulin na je.

Daga Seattle jirgi ya yi kusan awa uku da rabi yana bin gaɓar teku ya nufi arewa. Ta taga babu gari, babu gona, babu titi, sai baƙaƙen duwatsu sanye da rawanin ƙanƙara, da wasu fararen koguna da suka sandare a tsakaninsu tun kafin kakannin kakanninmu. Rasha ce ta sayar wa Amurka wannan ƙasa a 1867 a kan dala miliyan 7.2, kuma sai a 1959 ta zama jiha ta 49. A faɗi ta kusa ninka Nijeriya sau biyu, amma duk mutanen cikinta ba su kai dubu 800 ba, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu a Anchorage suke.

Wajen ƙarfe goma na dare muka sauka, rana ba ta faɗi ba. Sai bayan sha ɗaya ta nitse, kuma ko da ta nitse sama ba ta yi duhu ba. Shafaƙi na nan ja-ja ta arewa har ya haɗe da alfijir. Ga mai salla wannan ba ƙaramin lamari ba ne, don alamar da muka saba gane lisha da ita ba ta zuwa sam a wannan watan. Yaya ya ce in azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, da yawa daga jama'ar garin lokutan Makka suke bi, bisa fatawar malamai, wasu kuma su daure su bi ranar garin. Ranar Juma'a ya kai mu masallacin Anchorage, wanda shi ne na farko da aka gina takanas a matsayin masallaci a duk jihar. A sahun mata na ga 'yan Gambiya, Somaliya, Sudan, Pakistan da Albaniya. Ana sallamewa aka fito harabar, na kasa kunne in ji hirar da ake yi. Daga wannan rukuni zuwa wancan tambaya ɗaya ce ke yawo: "Sun shigo? Nawa aka ƙirga jiya?"

A garejin gidan Yaya akwai manyan firiza biyu, kusan babu komai a ciki, da katakai jere a bango ɗauke da kwalabe masu faɗin baki, wankakku, a kife. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta nuna mini su ta ce, "Gwaggon yara, kin zo a kan gaɓa. Hannu muke nema. Kafin ki tafi sai duk waɗannan sun cika."

Dalilin bai da wuyar ganewa in mutum ya leƙa kasuwa. Mafi yawan abin da ake ci a Anchorage jiragen ruwa ne ke kawo shi daga Tacoma, tafiyar kwanaki a teku, kuma in jirgi ya yi latti kantuna kan fara nuna alama. Daga wajen Oktoba zuwa Afrilu dusar ƙanƙara ce a ƙasa, a Disamba kuma hasken rana bai wuce awa biyar da rabi ba. Motoci da yawa za ki ga wayar lantarki na reto a gabansu, ta ɗumama inji ce da daddare don ya tashi da safe. Mutanen da ke rayuwa a haka sun san cewa abin da ƙasarsu za ta ba su, a cikin 'yan watanni take bayarwa gaba ɗaya. Wanda ya yi barci a Yuli, da kuɗi zai biya a Janairu.

Da sassafe muka loda kuloli, ƙanƙara, tanti da wandunan roba masu kaiwa ƙirji, aka ɗaure manyan homa biyu a saman mota, muka kama hanyar Kenai, tafiyar kusan awa uku. Rabin motocin da ke kan titi irin wannan lodin ne a kansu. Hanyar ta bi gefen wani siririn hannun teku da ake kira Turnagain, dutse a hagu, ruwa a dama. Ruwan ya janye ya bar laka mai ruwan toka shimfiɗe iya ganin ido, Yaya ya ja wa yara kunne kada su kuskura su taka ta, don tana riƙe ƙafa, teku kuma in ta tashi dawowa ba ta jira. A wannan yankin tsakanin cikar teku da janyewarta kan kai mita tara a wasu wurare. Kusa da Portage muka wuce wasu matattun itatuwa, farare fat, tsaye a cikin fadama. Girgizar ƙasa ta ranar 27 ga Maris 1964 ce, mai ƙarfin maki 9.2, ta sa ƙasar wurin ta nitse, ruwan gishiri ya shigo ya kashe su, kuma gishirin ne ya hana su ruɓewa har yau.

Daga nan hanya ta shiga cikin duwatsu ta fito a bakin kogin Kenai, wanda launinsa ke tsakanin shuɗi da kore saboda garin dutse da ƙanƙara ke niƙawa ta zubo masa. A Soldotna ne aka adana kifin salmon da Les Anderson ya kama da fatsa a wannan kogi a 1985, mai nauyin kilo 44, wanda har yanzu ba a kama irinsa da fatsa ba. A garin Kenai kuwa akwai tsohuwar majami'ar Rashawa ta katako mai shuɗayen ƙubbobi, a kan tudun da ke kallon bakin kogi. Kafin Rashawa da Amurkawa, mutanen Dena'ina ne ke su a nan, kuma jikokinsu na nan.

Daga kan tudun na fara hango abin da Yaya ya daɗe yana ba ni labari. Inda kogi ya faɗa teku, mutane ne ɗaruruwa a jere cikin ruwa har ƙirji, kafaɗa da kafaɗa, ta wannan gaɓa da ta tsallake, kowa riƙe da doguwar sanda mai zagayayyar raga a kai, ya cusa ta gabansa cikin ruwa yana jira. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar bikin Argungu ya ga masunta da homa sun cika ruwa, zai gane hoton nan take. Sai dai a nan babu kiɗa, babu gasa, babu mai neman kifin da ya fi na kowa girma. Kowa abincin gidansa na shekara ya zo ɗiba. A bayansu, can tsallaken teku, dutsen Redoubt mai aman wuta na tsaye fari tas.

Wannan su ɗin daga 10 zuwa 31 ga Yuli kaɗai ake yinsa, kuma na mazauna Alaska ne, waɗanda suka cika shekara guda a jihar. Maigida na da kifi 25, kowane mutum a gidan kuma ya ƙara 10, wato gidan Yaya mai mutum biyar na da 65 a shekara. Faɗin homa kada ya wuce ƙafa biyar. Ba a sayar da abin da aka kama. Baƙo irina ba shi da izinin taɓa raga, saboda haka na sami wani kututturen ice da ruwa ya turo, na zauna da autar gidan da filas ɗin shayi, na zuba ido.

Aikin haƙuri ne. Ruwan sanyi ne da shi mai ratsa roba ya kai ƙashi, ga igiyar ruwa na tura raga, dole mutum ya danne sanda da dukan ƙarfinsa. Sai a yi awa guda babu ko motsi. Can sai ka ga mutumin da ke ƙarshen layi ya zabura ya murɗa sandarsa, na kusa da shi ma haka, abin ya biyo layi ɗaya bayan ɗaya, garke ne ya shigo. Wanda ya samu sai ya juya ya ja homarsa zuwa tudu da sauri, kifi na fizge-fizge a ciki, na gefensa su matsa masa su riƙe masa wurinsa. A tudu yara ke jira da gajeren kulki. A buga wa kifin a ka, a yanka ƙarƙashin kan don jini ya tsiyaye, a datse kunnuwan wutsiyar biyu da almakashi, alamar cewa na ci ne ba na kasuwa ba, a jefa cikin ƙanƙara. Kafin a bar wurin sai an rubuta adadi a takardar izini. Tsuntsayen teku kuwa sun cika sama da ihu suna wawar hanji.

Na ga mutane iri-iri a bakin ruwan nan. Iyalan Samowa da manyan tantuna da tukwane a kan wuta, tsofaffin Koriya, 'yan Filifin, sojoji da askinsu, matan Rashawa masu tsohuwar ɗariƙa da dogayen riguna da kallabi, ga 'yan asalin ƙasar. Likita da mai wanke-wanke duk wandon roba ɗaya, duk jini da ɓawon kifi har gwiwar hannu. Babban ɗan Yaya ya rugo da kifinsa na farko rungume a ƙirji, haƙoransa na kaɗawa don sanyi, yana cewa, "Gwaggo, duba! Ni na ja shi da kaina!" Kifin fari ne sol kamar azurfa, bayansa shuɗi-shuɗi, zai yi kilo uku. Sai da aka tsaga shi na ga dalilin da suke ce masa ja.

Kifin salmon na wannan teku iri biyar ne: sarki, wanda ya fi girma, sai ja, sai mai ruwan azurfa da ke zuwa a Agusta, sai mai doro, sai wanda ake busarwa da yawa don mutane da karnukan jan kaya. Dukansu a ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe su. Uwa kan tona rami da wutsiya a cikin tsakuwar rafi ta zuba ƙwai, ƙwan ya kwana a ƙarƙashin ƙanƙara duk tsawon hunturu. 'Ya'yan ja kan yi shekara ɗaya ko biyu a tafki, a nan tafkunan Skilak da Kenai, sannan su gangara teku ba su fi yatsa tsawo ba. Su yi shekara biyu ko uku suna yawo a tekun Fasifik, nisan dubban kilomitoci. Daga nan su juyo, kuma ba kowane kogi suke shiga ba sai wanda suka fito daga cikinsa, har su gano rafin da aka haife su ta ƙamshin ruwansa. Da zarar sun shiga ruwan daɗi sun daina cin abinci ke nan. Kitsen da suka tara a teku shi za su ƙona har su isa. Shi ya sa ake tare su a bakin kogi, lokacin da naman ke cike da mai.

Daga baya, a wani ƙaramin rafi kusa da Portage, na ga waɗanda suka isa. Jikinsu ya rine ja wur, kai ya zama kore, bakin mazan ya tanƙware, fata ta fara zagwanyewa tun suna da rai. Suna nan a ruwan da bai kai gwiwa ba, mata na tona, maza na kora juna. Bayan sun zuba ƙwai dukansu mutuwa suke, babu mai komawa. Gawarsu ce abincin beyar da gaggafa, ragowar ta zama taki ga itatuwan bakin rafi, ta haifar da ƙwarin da 'ya'yansu za su ci in sun fito. Na daɗe a tsaye a wurin ina tasbihi. Ban taɓa ganin halittar da aka tsara rayuwarta da mutuwarta a ƙulle haka ba.

Tambayar da na ji a masallaci ma a nan na gane ta. Kimanin kilomita 30 daga bakin kogi, hukumar kifi da namun daji ta jihar ta kafa na'urar da ke ƙirga kifin da ke wucewa ta hanyar amon sauti. Kullum ana sa adadin a intanet, kowa na dubawa a waya. A shekara mai kyau ja fiye da miliyan ɗaya ke wuce wurin. Kafin kowa ya ci, sai an tabbatar isasshen iri ya haura. In adadi ya yi ƙasa a rufe su, in ya yi sama a ƙara lokaci, wani sa'in cikin kwana ɗaya ake sauya umarni. Sarki kuwa ya yi ƙaranci sosai a Kenai a shekarun nan, in ya faɗa homa sai a mayar da shi ruwa nan take.

Wannan tsari da wuya aka same shi. Tun 1878 kamfanonin kifin gwangwani suka fara kafa masana'antu a Alaska, masu su na zaune a Seattle da San Francisco, suna girka manyan tarkuna a hanyar kifi suna kwashewa ba ƙaƙƙautawa. Abin ya kai a 1953 Shugaba Eisenhower ya ayyana wasu sassan Alaska a matsayin wuraren da bala'i ya afka wa saboda kifi ya ƙi zuwa. Haushin waɗannan tarkuna na cikin abin da ya sa mutane suka dage sai sun zama jiha, kuma suna samu suka haramta su, a kundin tsarin mulkinsu kuma an rubuta cewa za a ci kifi ne ta yadda ba zai ƙare ba. Har yau rigima ba ta mutu ba. Masu jiragen kasuwa na ganin masu homa sun yi yawa, masu homa na ganin jiragen na tare kifi tun a teku, masu fatsa na zargin duka biyun. Amma ban ji ko mutum ɗaya da ya ce a daina ƙirga ba, kuma a ganina wannan ne babban abin da suka mallaka, ya fi man fetur ɗin da suke haƙa a Prudhoe daraja, don shi mai in an ɗebe ya tafi ke nan.

Mun koma Anchorage da kuloli cike, kuma a nan ne nawa aikin ya fara. Kifi ba ya jira. Aka kafa tebur a bayan gida, aka jawo tiyo, sai ga maƙwabciyarsu ta shigo, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Yup'ik da yaran gidan ke kira Kaka. Dokar jihar ta yarda mutum ya kama wa wanda ya kai shekara 65 rabonsa, kuma Yaya ne ke kama mata nata. Ta zo da wuƙarta mai siffar rabin wata da mariƙi a gadon baya, ulu suke ce mata. Yaya na fama da kifi ɗaya da doguwar wuƙarsa, ita ta gama uku, kuma ƙashin bayan da ta cire kamar an lashe. Ta ga ana shirin zubar da kawuna ta ɗaga hannu. Kai na miya ne, ƙwai a ware shi daban, tumbi shi ya fi mai, abin da ya maƙale a ƙashi a kankare da cokali. Ta dube ni ta ce, "'Yata, wannan ya yi tafiyar shekaru kafin ya zo hannunki. Ba a jefar da shi."

Kashi uku aka raba naman. Na farko aka sa a leda aka zuƙe iska aka jera a firiza. Na biyu aka yanka sala-sala, aka jiƙa a ruwan gishiri da jan sukari, aka shanya har ya yi danƙo, sannan aka yi bandarsa da hayaƙin wani icen bakin rafi a ɗan akwatin da Yaya ya ƙera. Na uku, wanda ya fi yawa, shi ne na kwalba. Anti ta fi yarda da kwalba. Ta ce firiza bawan lantarki ne, in guguwa ta kayar da turaku ko ƙasa ta girgiza, aikin shekara na iya narkewa a kwana biyu, kuma ko lafiya lau, bayan wasu watanni sanyi kan busar da naman ya ɓata ɗanɗano. Kwalba kuwa tana zaune a kan katako ba ruwanta da wuta.

Amma kwalba na da sharaɗi, kuma ban ga Anti ta ɗaure fuska a kan komai kamar a kansa ba. Akwai wata ƙwayar cuta da ke cikin ƙasa da laka, wadda irinta ba ya mutuwa a tafasasshen ruwa. In ta sami wuri marar iska, marar tsami, kamar cikin rufaffiyar kwalbar kifi, sai ta farka ta saki dafin da ke shanye jijiyoyi har ya tsayar da numfashi, kuma ba lallai a ji wari ko a ga alama ba. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, ita kuwa sai an kai 116 take mutuwa. Tukunyar gida ba ta kai wa nan ko da za a kwana ana dafawa. Sai tukunyar presha, babba mai kauri, mai murfin ɗaurewa da agogon matsi a ka. Sashen wayar da kai na Jami'ar Alaska da ke Fairbanks na koyar da wannan aiki, har suna gwada wa mutane agogon tukunyarsu, kuma Anti kan kai nata kafin kowace kaka. Kaka ta ƙara da cewa Alaska ta san wannan ciwo sosai. A ƙauyukansu akwai abincin da ake binnewa a rami mai shimfiɗar ciyawa ya yi tsami, kuma da mutane suka koma sa shi a robobi masu murfi, inda iska ba ta shiga, ciwon ya ƙaru.

Ga yadda muka yi. A yanka kifi ɗanye daidai tsawon kwalba mai cin kusan rabin lita, da fatarsa da ƙayarsa. A cusa shi fata na kallon gilashi, a danna sosai, a bar sararin inci ɗaya a sama. Gishiri ƙaramin cokali, ba a zuba ruwa, shi zai fitar da nasa. Anti kan jefa yankan attaruhu a wasu, ta yi musu alama. Sai a goge bakin kwalba da tsumma mai ruwan binega, don ɗigon mai ɗaya na iya hana murfi kamawa. Wannan aikin aka ba ni, kuma kowace na goge sai ta ɗaga ta duba a haske. A rufe, a ɗaure iya ƙarfin yatsu, a jera a tukunya a kan ruwa kaɗan. In tururi ya fara fita a bar shi minti 10 ya kori iska, sannan a ɗora nauyi. Daga lokacin da matsi ya kai fam 11 a agogo ake fara ƙirga minti 100, mai banda kuma 110. In matsin ya sauka ko sau ɗaya a tsakani, sai a koma farko. Saboda haka dole wani ya zauna gaban murhu ya tsare. In lokaci ya cika a kashe wuta a ƙyale tukunya ta huce don kanta, ba a buɗewa, ba a zuba mata ruwa.

Kowane zubi kan ci kusan awa uku daga ɗorawa zuwa saukewa, kuma da yake dare ba ya yi, ba ka sanin lokaci ya ja sai ƙafa ta fara ciwo. Mukan fito da kwalabe da wani irin awartaki mu jera a kan tawul, man kifi ja-ja na ci gaba da tafasa a ciki. Suna hucewa sai ka ji ƙas, ƙas, murafe na lotsawa ɗaya bayan ɗaya, yara na ƙirgawa daga falo. Washegari a danna kowane murfi da yatsa. Wanda ya motsa bai kama ba, a sa shi firij a ci a kwanakin. Sauran a wanke, a rubuta shekara a kai, a kai gareji. Da muka buɗe ɗaya don ɗanɗanawa, ƙayar ta yi laushi har tana narkewa a baki, Anti ta juye shi a miyar tumatir muka ci da shinkafa.

A zaman tsaron tukunya ne Kaka ta ba ni labarin garinsu. A ƙasan kogin Yukon aka haife ta, kogin da ya taso daga Kanada ya yi tafiyar kusan kilomita 3,000 kafin ya faɗa tekun Bering. Tun tana yarinya, da bazara ta yi duk gidan kan tashi ya koma sansani a bakin ruwa. Maza na jan raga, mata na yanka, yara na ɗebo ice, rumfunan shanya sun yi ja da kifi. Yanzu rumfunan babu komai. Kifin sarki na Yukon ya daɗe yana raguwa, a 2020 da 2021 ɗayan da suke dogara da shi, wanda ake busarwa, shi ma ya rushe, aka hana su ko na ci. A 2024 Alaska da Kanada suka sa hannu a kan dakatar da kama sarki a kogin har shekara bakwai, wato tsawon rayuwar kifin guda. Ana danganta abin da ɗumamar teku da ta koguna, da wata cuta da ke kama kifin a hanya, mutanen ƙauyuka kuma na nuna yatsa ga manyan jiragen da ke jan taru a tekun Bering suna haɗawa da nasu. A Yulin 2019 zafi ya kai digiri 32 a Anchorage, abin da ba a taɓa gani ba, kuma a wannan bazarar an ga kifi na mutuwa a koguna da ƙwai a ciki. Abin mamaki, a 2022 gaɓar Bristol ta sami ja kusan miliyan 79, mafi yawa a tarihi. Jiha ɗaya, wani na rasa inda zai zuba, wani na kallon ruwa.

An yi ta aika musu da kifin taimako a jirgin sama, ta ce, kuma sun gode. Amma abin da ke hana ta barci jikokinta ne. Akwai 'yan mata da suka kai aure ba su taɓa yanka sarki da ulu ba, ba su san kaurin da ake yi wa sala ba, ba su san irin iskar da ke busarwa da wadda ke ruɓarwa ba. Wannan ilimi a hannu yake zaune, in hannu ya yi shekara bakwai bai taɓa ba, wa zai koya wa na baya? Ban sami abin ce mata ba. Na ƙara mata shayi, muka ci gaba da kallon agogon tukunya.

Rabonta na kwalabe ba ta ajiye ko rabi ba. Muka naɗe kowace da tsohuwar jarida da safa, muka jera a kwali, ta rubuta sunaye a kai da hannunta: na ƙanwarta, na wata gwauruwa, na gidan da aka yi haihuwa. Babu titin mota da ke zuwa ƙauyen, kamar yawancin ƙauyukan Alaska, saboda haka ni da Yaya muka kai kwalayen sashen kaya na filin jirgi, aka auna, aka biya da nauyi. A layin akwai wasu da irin kayanmu, kuloli da kwalaye ɗaure da igiya, kowanne da sunan wani ƙauye.

Da muka dawo gida Anti ta riga ta wanke wasu ƙananan kwalabe ta kife. 'Ya'yan itacen daji sun fara nuna a kan duwatsun Hatcher, ta ce, ranar Asabar za a je tsinka da bokitai, kuma Yaya ya nemo maganin fesa wa beyar, don su ma lokacin cinsu ne.